Littafina Ya Je Tokyo Ya Bar Ni

Na san Tokyo. In na faɗi haka dariya mutane suke yi, to su yi ta yi. Ka ajiye ni a ƙofar gabas ta tashar Shinjuku, zan kai ka har lungun da ake sayar da naman halal a unguwar Shin-Okubo ban tambayi kowa hanya ba. Amma ƙafata ba ta taɓa taka ƙasar ba. Littafina ne ya taka. Ga yadda aka yi ya tafi ya bar ni a Alƙahira.

Karatun addini aka turo ni Masar, shekara guda bayan juyin-juya-halin nan nasu. Ɗaki muka kama a unguwar Ard al-Liwa ni da wani ɗan Damagaram, mahaddaci, mai shegen baki. Wata rana na je rumfunan tsofaffin littattafai da ke gefen kasuwar Ataba neman wani sharhin nahawu. Ina ɗaga tulin takardu sai ga wata taswira a naɗe, ta tsufa har ta fara yagewa a gaɓoɓinta. Na buɗe. Layuka ne ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, sun cuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Na tambayi mai rumfar mene ne wannan. Ya leƙa ya ce jiragen ƙasan Tokyo ne, in ɗauka in ina so, ya gaji da ganinta. A ƙasanta kuma akwai wani ɗan littafi na koyon Japananci da Larabci. Ban sayi sharhin nahawun ba ranar.

Ba wanda ya koya min. Ni da kaina na haddace haruffansu, ina rubuta su a bayan takardun fiƙihu. Sannan na gano abin da ya ƙarasa ni: taswirar intanet ɗin nan da za ka sauka a kan titi, ka danna kibiya ka yi gaba kamar kana tafiya. Akwai wani shagon kwamfuta kusa da inda jirgin ƙasa ke ratsa unguwarmu. Bayan la'asar can za ka same ni. Na dama da na hagu suna buga ƙwallo a allo suna zage-zage, ƴan tuk-tuk, kekunan nan masu ƙafa uku, na ta oda a waje, ni kuwa ina Yanaka.

Kai, Yanaka! Tsohuwar unguwa ce, gidajen katako, lunguna ƴan sirara kamar na cikin birni a gida. Kowace ƙofa da tukwanen furanni a jere a waje, a kan titi fa, kuma ba mai ɗauka. Akwai wata matattakala da za ka tsaya a samanta ka hango kasuwar unguwar ta miƙe a ƙasa. Na zana ta sau uku kafin ta fito. Ga Ueno, inda kasuwa ta lafe a ƙarƙashin gadar jirgi, Ataba sak amma a share. Ga Shibuya, inda ake tsayar da motoci ta kowace kusurwa a saki mutane gaba ɗaya. Kuma ka san yawancin titunansu ba su da suna? Gungun gidaje suke bai wa lamba. Shi ya sa in Bajapane zai yi maka kwatance sai ya ce bayan wurin ibada kaza, kusa da mai sayar da shinkafa, kamar dai mu. Ranar da na gano wannan sai da na tashi tsaye a shagon.

Abu ɗaya ne ke damuna. A taswirar nan an shafe fuskokin mutane. Duk mutanen Tokyo da na sani ba su da fuska. Ba ƙara, ba ƙamshi. In aka ɗauke wuta kuwa, kuma a shekarun nan kullum sai an ɗauke, garin ya ɓace ɗif, in ga fuskata a baƙin gilashi.

Duk abin da na gani ina zuba shi a wani littafi mai baƙin bango. Kowace tasha da shafinta. Ta wace ƙofa za ka fita, ina masallaci mafi kusa, ina alƙibla ta kalla, da ƴar kibiyata. Inda za ka ci abinci hankali kwance. A ƙasan kowane shafi na rubuta jimloli da Hausa, a gefensu da manyan haruffan Japananci, yadda ko ba ka iya furtawa ba sai ka nuna da yatsa: ba na cin alade, ina ne banɗaki, na ɓata, kai ni wannan tashar. Shekara biyu ina yinsa.

Abokin ɗakina in ya ga na buɗe sai ya ce, "Limamin Tokyo, an fara darasi? Mu dai a ja mu sallah da Larabci don Allah."

"Zo ka ga wani abu, minti ɗaya."

"Minti ɗayanka na jiya har wake ya ƙone."

Haka nake. Duk wanda na kama sai ya ji labarin jirgin da'ira mai koren layi. Mai sayar da ful, dafaffen waken nan nasu, na bakin layinmu ma ya san sunan tashar Ikebukuro.

Kafin in kai ga Kawu, sai na faɗi wata ɗabi'ar Misirawa, don a kanta komai ya rushe. In ka yaba abin Bamisire, agogo ne ko riga, nan take zai ce maka itfaddal, wato bismilla, ɗauka. Ba nufinsa ka ɗauka ba. Kai kuma sai ka ce Allah ya bar maka, ya fi kyau a jikinka, shi ke nan an rabu da mutunci. Ni ban sani ba ina sabon zuwa. Na yaba carbin wani tsoho maƙwabcinmu, ya ce itfaddal, na sa hannu biyu na karɓa har da durƙusawa. Abokin ɗakina ne ya kora ni na mayar, kunya kamar in nutse. Daga ranar na koyi abin, na koye shi har ya wuce misali. Ko takalmina aka yaba, kafin in yi tunani bakina ya ce itfaddal.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ɗan kasuwa ne a Kano, sau biyu a shekara yake zuwa Ataba sarin abaya da jallabiya da takalma. In ya zo ni ne bakinsa, don Larabcinsa bai wuce na sallah da na tambayar kuɗin kaya, "bikam", ba. A zuwansa na farkon 2014, muna cikin wani shagon abaya ana ɗaure masa kaya, sai ya ce, kamar maganar banza:

"Harkar nan ta cika, kowa ya shigo. Kayan mota zan koma. Akwai wani ɗan Pakistan a bayan garin Tokyo, injina yake haɗa wa mutane. Zai aiko min da takardar gayyata."

Ban san lokacin da na saki ledar hannuna ba. Na fara zuba. Na gaya masa sunan garin da ƴan Pakistan ɗin suke, na gaya masa jirgin da zai hau daga filin jirgin sama, na gaishe shi da Japananci har da sunkuyawa. Mai shagon ya tsaya yana kallonmu.

Kawu ya ce, "Kai Malam, dama abin da kake karantawa ke nan?"

"A'a Kawu, a gefe ne."

"To ai ka huta da ni. Ina ta tunanin yadda zan yi da mutanen da ko Turanci ba sa ji. Kawo hoton fasfonka. In na koma gida suna biyu zan aika wa mutumin, nawa da na tafintana."

Kwana goma ya yi, ban san na yi su ba. Na ɗauki kaya, na yi ciniki, na yi faɗa da direbobi, duk ina murmushi. Na gaya wa kowa. Abokin ɗakina ya ce in na je in gaishe masa da marasa fuska.

Ranar da zai tafi, bayan la'asar, muka zauna a wata gahawa, wato shagon shan shayi, a bayan kasuwar. Sai na ce bari in ƙara ɗaure maganar, in nuna masa irin tafintan da ya samu. Na fito da littafin. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana buɗawa, yana bin kibiyoyin da yatsa, yana karanta Hausar a hankali da ɗan motsin leɓe.

"Kai ka yi wannan? Da hannunka?"

"Ni ne, Kawu."

"Har da alƙibla. Ikon Allah. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba."

Na ce, "Itfaddal, Kawu. Ai naka ne."

Ina jiran ya ce Allah ya bar maka. Wallahi har na miƙa hannu rabi. Sai na ga ya rufe littafin, ya ɗaga babbar rigarsa, ya zura shi a aljihun gaba, ya dafa. Ya kama kaina da hannu ɗaya.

"Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka. Yaran yanzu wa zai ba ka abin da ya sha wuya a kansa?"

Na ce amin. Me zan ce? Shi Bakano ne. A wurinsa ɗan ƙanwarsa ya yi masa kyauta, ya karɓa, ya sa albarka, magana ta ƙare. Ni ne na yi masa Misiranci.

A hanyar filin jirgi na gwada. Na ce, "Kawu, akwai ƴan gyare-gyaren da ban gama ba a ciki."

"Haba, ya yi haka. Kar ka ɓata shi."

Da na koma ɗaki na gaya wa abokina, sai da ya ajiye cokali. "Kai wane irin mutum ne? Carbin mutane ka karɓa, littafinka ka bayar. Kira shi yanzu kafin jirgi ya tashi, ka ce aro ne."

"In ce wa yayan uwata ya dawo min da kyauta? Bayan ya sa min albarka? Gobe maganar tana kunnen Inna."

"To halas, shi ke nan, zauna."

Na lallashi kaina da cewa ba komai, tare za mu tafi, a jirgi zan karɓa in riƙe masa.

Bayan sati uku ya kira. Muryarsa fes, yana cikin nishaɗi.

"Malam, na zauna na karance littafin nan tas. Ai ka gama aikin. Duk abin da zan tambaye ka yana ciki. Na yi magana da mahaifiyarka, ta ce lokacin jarrabawarku ne. Na ce wallahi ba zan ɗauki alhakin karatunka ba. Suna ɗaya na aika. Ka zauna ka yi abin da ya kawo ka."

Na ce, "To, Kawu."

"Ka ji daɗi ko? Na sauke maka wahala."

"Na gode, Kawu."

Na fi shekara ina juya wannan maganar. Da na yi littafin da ƙyuya, da na bar ramuka a ciki, da na rubuta shi yadda ni kaɗai zan gane, da na je Tokyo. Kyansa ne ya kore ni.

Da ya sauka Tokyo, sai kuma kiran waya. Suna gabanmu da awa bakwai, don haka in ya gama yawonsa na rana ni ina aji da safe. Wayar ta yi ta rawa a aljihuna, in fita baranda in ɗauka.

"Malam! Ga ni a kasuwar nan ta ƙarƙashin gada. Ka rubuta wai Ataba ce marar hayaniya? Wa ya gaya maka? Saurara!"

Ya ɗaga wayar. Na ji wasu maza da muryoyi a dishe suna kwarara kira, jirgi na wucewa a sama yana girgiza komai. Masu kifi ne, in ji shi, sun fi ƴan kasuwar Kwari baki. Wurin kuma ƙarni, kifi da wani abu mai zaƙi da ake gasawa. Shekara biyu ina bin kasuwar nan shiru. Ban san tana da murya ba.

Kashegari: "Jirginsu kuwa kamar gidan makoki. Mutum ɗari a tarago, ba mai tari. Na amsa waya, wata tsohuwa ta dube ni, wallahi sai da na ji kamar na yi sata. Me ya sa ba ka rubuta ba?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Kuma kowace tasha da ɗan kiɗanta kafin a rufe ƙofa. Ka san wannan?"

Na taɓa karantawa. Ban taɓa ji ba.

Ya ɓata sau ɗaya a Shinjuku, ya fita ta ƙofar da ba ita ba. Ya buɗe shafin da na rubuta "na ɓata" ya nuna wa wani mai kwat da jaka. Mutumin ya karanta, ya dubi rubutun, ya tambaye shi da hannu wa ya rubuta. Sannan ya bar hanyarsa ya taka da shi har bakin jirgin, ya sunkuya, ya juya da gudu don ya makara. Kawu yana ba ni labari yana dariya.

Na ce, "Yaya fuskarsa take?"

"Fuskarsa? Fuska dai. Bajapane. Wace irin tambaya ce wannan?"

Ranar Juma'a ya yi sallah a masallacin da na zana masa a Otsuka, ya ci shinkafa da miyar ƴan Pakistan a ƙasa. Wata rana ya ce ƙafafunsa sun kumbura, mutanen nan ba sa zama, ba ko dakali a ƙofar gida. Ya ce garin ba kwandon shara kuma ba shara, ya yini da ɓawon ayaba a aljihu. Ya ce tsofaffi sun yi yawa, yara kuwa sai ka nema. Ya ce ya ga ɗan mitsitsin gida da mota a cikinsa kamar an sa ta da cokali. Ni ina tsaye a baranda, ƙasa ana ta oda, malam a ciki yana bayanin rabon gado, ina cewa na'am, na'am. Ina so ya yi shiru, kuma ina tsoron ya kashe wayar.

Jarrabawar da aka ce in zauna dominta, na faɗi darasi biyu.

Bayan wata biyar ya dawo Alƙahira, don bai saki abayar gaba ɗaya ba. Muka zauna a gahawar nan, teburin ma kusan shi ne. Abokin ɗakina ya biyo ni, wai yana so ya ga mutumin da ya ci Tokyo. Kawu ya miƙo min tsaraba, abin yanke farce a ƴar takarda mai kyau. Ya ce irinsa ba ya dakushewa. Sannan ya fito da waya yana nuna mana hotuna. Injina, injina, ɗan Pakistan, injina. Sai ga matattakalar Yanaka. Ya riƙe littafina a buɗe da hannun hagu, zanena a gaba, ainihin wurin a baya, rana tana faɗuwa a kan kasuwar. Babban yatsansa ya rufe kusurwar shafin.

"Ka ga? Sak. Sai dai shagon da ka sa a dama an rushe shi. Nan ka yi kuskure."

Na daɗe ina kallo. Akwai wata mata a hoton tana hawowa da kare. Da fuskarta.

Na daure na ce, "Kawu, littafin yana nan?"

"Af, ban gaya maka ba? A masallacin nan na haɗu da wani Bahaushen Gana, ya shekara biyu a can amma bai san ko'ina ba sai wurin aikinsa. Ya gani ya rikice. Ya yi ta yabawa, ya yi ta yabawa. Na ce to ni na gama da shi, riƙe. Ka ga yadda ya yi murna? Ya ce zai buga kwafi ya raba wa baƙi. Ladanka yana can yana gudana, Malam."

Abokin ɗakina ya sunkuyar da kai yana juya cokali a shayin da ba sukari. 

"Ai yanzu Tokyo a tafin hannuna take," in ji Kawu. "Ko ido rufe." Ya kurɓi shayi. "Amma an ce min injina sun fi sauƙi a Osaka. Baɗi can za ni in Allah ya yarda. Ita ma ka san ta?"

Jakata tana kan cinyata. A cikinta akwai sabon littafi mai shuɗin bango, na Osaka. Wata huɗu ke nan da na fara shi, don na kasa komawa Tokyo a allo, kuma na kasa zama haka nan. Shafi talatin da wani abu. Na san unguwar da ke da hasumiya, na san doguwar kasuwar nan mai rufi, na san a can dama ake tsayawa a matattakalar lantarki ba hagu ba kamar Tokyo, kuma wallahi maganar tana kan harshena, tana ƙaiƙayi, don abu ne mai daɗin faɗa.

Na ɗora hannu biyu a kan jakar.

"Ban san ta ba, Kawu."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya ce ma'alish, wato ba komai, da irin Larabcinsa, ya ɗaga hannu a kawo wani shayin.